Bin Sawun Nana Asma'u: Daga Ɗegel Zuwa Hubbare

Hanyar Kano zuwa Sakkwato ba ta son mai nawa. Direbobi sun fi so a bar tasha da sanyin safiya, a ratsa Gwarzo da Malumfashi, a kai Funtuwa kafin rana ta take, domin a wuce Tsafe da dazukan Zamfara ido na ganin ido. Matsalar 'yan bindiga ta daɗe da hana mutane tafiyar dare a wannan yanki, shi ya sa da mota ta bar Funtuwa sai hira ta ragu, carbi ya fito. Tare nake da ƙanena da kuma Gwaggo, yayar mahaifinmu, wadda ta tsufa tana karantar da matan aure a tsakar gidanta. Ita ce ta taso da maganar ziyarar. Ta ce ta sha jin sunan Nana Asma'u a bakin masu wa'azi da masu lacca, yanzu tana so ta taka ƙasar da baiwar Allah ta taka, tun ƙafa ba ta gaza ba.

Muka wuce duwatsun Kwatarkwashi, muka yi sallar azahar a Gusau, muka miƙe ta Talata Mafara. Daga nan ƙasa ta shimfiɗe, itatuwa suka yi ƙaranci, iskar da ke shigowa ta taga ta koma zazzafa. Sai bayan la'asar muka shiga birnin Shehu, 'yan kabu-kabu na ta kai da komo, masu fura da nono sun jeru a inuwar dogon yaro.

Abin da ya kai ni daban ne da abin da aka saba faɗa game da ita. Duk wanda ya ambaci Nana Asma'u, malama yake cewa, marubuciya, 'yar Shehu Usmanu, ƙanwar Sarkin Musulmi Bello. Duk gaskiya ne. Amma wannan malamar ta yi zaman aure da miji ɗaya fiye da shekara 40, ta haifi 'ya'ya ta tarbiyyantar, ta goyi jikoki, ta yi maƙwabtaka da zumunci, ta rayu kimanin shekara 71. Wannan rabin na rayuwarta, wanda ba a cika ɗora shi a kan mumbari ba, shi na je nema.

Da gari ya waye muka kama hanyar Illela, wadda ke zuwa iyakar Nijar ta Birnin Ƙonni. Muka haye gulbin Rima, muka wuce Kware, muka kai ƙasar Gwadabawa, sannan muka saki babban titi muka nufi Ɗegel. Ƙaramin wuri ne a yau: rairayi, da aduwa, da garken awaki, da yara masu biyo baƙo da kallo. Wanda bai san tarihi ba ba zai ce nan ne ɗalibai suka riƙa tururuwa daga ƙasashen Gobir da Kabi da Zamfara don su zauna gaban Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ba.

A nan aka haifi Asma'u a 1793. Tagwaye ne ita da ɗan'uwanta Hassan, amma maimakon Hassana ko Husaina da aka saba, mahaifinta ya sa mata sunan Asma'u 'yar Sayyidina Abubakar. Mahaifiyarta Maimuna ta rasu tana ƙarama, sai ta tashi a hannun sauran matan Shehu. Da na faɗa wa Gwaggo haka, ta yi shiru, can ta ce, "'Yar nan, gidan da marainiya za ta tashi a hannun abokan zaman uwarta ta zama abin da Nana ta zama, ai ba sai an ba ki labarin matan gidan ba."

Ta yi gaskiya. Gida ne da karatun mata ba baƙo ba ne a cikinsa. Mahaifiyar Shehu, Hauwa'u, da kakarsa Ruƙayya, an san su da ilimi. Shi kansa Shehu, a littafinsa Nurul Albab, ya yi kakkausan suka ga malaman da ke karantar da ɗaliban waje su bar matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. Asma'u ta haddace Alƙur'ani, ta yi karatun fiƙihu da tauhidi da tasawwufi, ta iya Larabci da Fulatanci da Hausa, tana kuma jin harshen Buzaye.

Ƙuruciyarta ba ta yi tsawo ba. A watan Fabrairu na 1804, da zama ya gagara tsakanin Jama'ar Shehu da Sarkin Gobir Yunfa, aka yi hijira daga Ɗegel zuwa Gudu. Tana da shekara kamar 11. Aka ɗora littattafai a kan raƙuma, mata da yara suka bi sahu. A shekarar aka yi yaƙin Tabkin Kwatto inda Jama'a suka yi nasara, a ƙarshenta kuma aka yi na Tsuntsuwa inda aka rasa mahaddata Alƙur'ani masu yawa. Yunwa da cuta suka bi su har ƙasar Zamfara, kafin su sami wurin tsayawa a Gwandu a 1805. Alƙalawa, babban birnin Gobir, ba ta faɗi ba sai 1808. Ina tsaye cikin ranar Ɗegel, ina jin zafin rairayi ta cikin takalmi, na tuna cewa yarinya ce ta yi wannan tafiya, ta ga gawawwaki da marayu da matan da aka bari da goyo. Shekaru da yawa bayan haka ta tsara labarin gewayen nan a waƙe, shi ne aka sani da Waƙar Gewaye. Mai tausayin da aka gani a rubuce-rubucenta daga baya, a kan wannan hanya aka ƙera ta.

Cikin wannan hali na yaƙi aka ɗaura mata aure, wajen 1807, da Usmanu Giɗaɗo ɗan Laima, malami kuma aminin yayanta Muhammadu Bello. Da muka komo Sakkwato, unguwar da ke ɗauke da sunan zuriyarsa muka nufa, wato Giɗaɗawa, cikin tsohon gari, ba nisa da fadar Sarkin Musulmi. Lunguna ne matsattsu, da zauruka, da almajirai riƙe da alluna, da dattawa a kan buzu suna duba littafi. A wannan unguwa ta yi mafi yawan rayuwarta.

Bello ne ya kafa Sakkwato a 1809. Da Shehu ya rasu a 1817 aka yi wa Bello mubaya'a, Giɗaɗo ya zama Wazirinsa. Sai mutum ya tsaya ya auna abin da ake nufi da gidan Waziri a wancan zamani. Nan jakadun Kano da Zazzau da sauran masarautun gabas ke sauka. Nan ake rubuta wasiƙu a karanta na shigowa. Nan malamai matafiya ke ya da zango. Har Baturen Birtaniya, Kilafatin, da ya zo Sakkwato a 1824, Giɗaɗo ne ya karɓi baƙuncinsa. Gida ne mai barori da bayi, kamar sauran gidajen manya na lokacin, don haka ba a ce ita ke daka da niƙa da hannunta kullum ba. Amma duk macen da ta taɓa riƙe babban gida ta san cewa tsara abincin baƙi, da rabon hatsi, da sasanta mutanen gida, da jinyar marar lafiya, da kula da wanda aka kawo riƙo, aiki ne mai cinye yini da dare. Cikin wannan hidima ta rubuta Tanbihul Gafilina a 1820, tana da shekara 27. Alƙalaminta kuma bai tsaya ba sai dab da rasuwarta.

Abin da ya fi burge ni a aurensu shi ne aikin da suka yi kafaɗa da kafaɗa. Shehu ya tafi, Bello ya bi shi a 1837, waɗanda suka ga farkon al'amari suna ta ƙarewa. Miji da mata suka ɗauki nauyin kada tarihin ya bi su kabari. Giɗaɗo ya rubuta labarin Shehu da na Bello da Larabci, a littattafai irin su Raudul Jinan da Alkashfu wal Bayan. Ita kuma ta riƙa zuba irin wannan tarihi cikin waƙa, yadda makiyayi da mai daka za su iya haddacewa. Ƙaninta Isa, autan Shehu, ya mayar da da yawa daga waƙoƙinta na Fulatanci zuwa Hausa. Da Giɗaɗo ya rasu ta yi masa marsiyya, kuma abin da ta yabe shi da shi ba dukiya ba ne ko ƙarfin mulki. Ta tuna karamcinsa ga baƙi, da riƙon amanar iyalan Shehu, da tsayuwarsa a kan gyaran masallaci da al'amuran jama'a. Yabon wadda ta zauna da mutum ne, ta san shi ciki da bai.

Daga Giɗaɗawa muka leƙa Cibiyar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu, inda ake ajiye tsofaffin rubuce-rubuce da kayan tarihin Daular Sakkwato. Sunan wurin kansa reshe ne na labarinta. Ɗanta Abdulƙadir ya gaji mahaifinsa a wazirci a 1842. Jikanta Ibrahim Halilu ya karɓa a 1859, tana raye. Ke nan ta ga rawanin wazirci a kan mijinta, ta gan shi a kan ɗanta, ta gan shi a kan jikanta. Wani jikan nata, Muhammadu Buhari ɗan Ahmadu, shi ne Waziri lokacin da Turawa suka ci Sakkwato a 1903, kuma shi ya tsaya da mutanen gari a wannan mawuyacin hali. Ɗansa shi ne Waziri Junaidu, wanda aka haifa a 1906, ya zama Waziri a 1948, ya rasu a 1997, malamin da duk mai binciken tarihin Sakkwato ya sha daga gare shi. Shi ya buɗe wa wata mai bincike, Jean Boyd, taskar littattafan gidansu, har ta fitar da tarihin Nana Asma'u a 1989, sannan ita da Beverly Mack suka tattara ayyukanta kimanin 60 suka buga a 1997. Takardun da kaka ta rubuta, tattaɓa-kunnenta ne ya adana su ya miƙa wa duniya. Gidan da ya riƙe alƙalami tsawon ƙarni biyu bai yi haka da ka ba. Akwai uwa a gindin abin.

Tafiyar Wurno ta fi kowace daɗin ido. Garin na arewa maso gabas da Sakkwato, a kan tudu, yana kallon fadamar Rima. Ko'ina ka duba shinkafa ce da albasa da tafarnuwa, manoma sun duƙufa, jakuna na ɗauke da buhuna. Bello ya gina Wurno ne a matsayin ribaɗi, wato sansanin tsaron iyaka, ya zauna a can, a can ya rasu, a can kuma kabarinsa yake. Da yake Waziri ba ya nisa da Sarkin Musulmi, iyalan Giɗaɗo sun san wannan hanya sarai.

A kan hanyar ne na ba Gwaggo labarin 'Yan Taru, makarantar matan da Nana ta kafa, filla-filla. Bayan yaƙe-yaƙe, ƙauyukan Daular cike suke da matan da ba su sami karatu ba, da yawansu kamammun yaƙi ne, waɗansu kuma bori suka tashi suka tarar. Matar aure mai ƙuruciya ba za ta bar ɗakinta da goyonta ta tafi birni neman ilimi ba. Asma'u ba ta ce a fasa aure ba, ba ta kuma ce a haƙura da jahilci ba. Sai ta zaɓi dattijan mata masu hankali da amana, ta naɗa kowace ta zama jaji, ta ba ta malfa da jan rawani alamar izini. Jaji kan taho daga ƙauyensu a ƙafa, tare da tsofaffin mata da 'yan matan da ba su isa aure ba, su zauna gaban Nana su ɗauki karatu, su koma gida su shiga ɗaki-ɗaki suna koya wa matan aure. Ita malfar ma hikima ce, domin a da Innar Gobir, shugabar bori, ita aka sani da irinta. Matan karkara sun san darajar mai sanye da ita, sai ga shi yanzu mai malfa karatu take kawowa.

Littafin wannan makaranta waƙa ce. Akwai wadda ta jero sunayen surorin Alƙur'ani don sauƙin riƙewa, akwai ta tarihin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, akwai masu gargaɗi kan ranar Alƙiyama, akwai kuma Tawassuli ga Mata Masu Albarka, inda ta ambaci salihan mata tun daga iyalan Annabi har zuwa na zamaninta. Mace na kaɗi ko tana surfe tana rerawa, karatu na shiga. Abin da ɗalibai suka kawo na sadaka, hatsi ko zuma ko man shanu, a rarraba wa mabukata. Ana kuma sa ran 'yar taru ta zama mai amfani a garinsu: ta duba marar lafiya, ta taimaki mai naƙuda, ta wanke gawar mace, ta shiga tsakanin masu husuma.

Gwaggo, wadda ta shekara da shekaru tana koya wa ɗalibanta farillan alwala da rerawa, ta dafa hannuna ta ce, "Ashe sana'ar tamu tana da uwa." Daga nan har muka shiga Wurno tana yi mata addu'a.

Akwai wani sashe na rubutunta da nake ganin ya fi kowane bayyana ko ita wace ce, wato marsiyyoyinta. Ta yi wa Bello, ta yi wa manyan malamai, wannan ba abin mamaki ba ne. Amma ta yi wa Halima maƙwabciyarta, saboda kirkinta da kyawun zamanta da mutane. Ta yi wa Zaharatu, wadda ke zuwa wurin mata masu haihuwa kuma take wanke mamata. Ta yi wa Hauwa'u, jajin da ta yi ta jagorantar mata zuwa karatu har ƙarfinta ya ƙare. Ta yi wa A'isha, aminiyarta ta tsawon rai. Waɗannan mata ba su ci gari da yaƙi ba, ba su hau gadon sarauta ba. Da ba don 'yar Shehu ta ɗauki alƙalami ba, da ko sunansu ba mu ji ba. Ita ta ga cewa haƙurin maƙwabciya da hannun ungozoma sun cancanci tawada da takarda daidai da nasarar sarki, domin ta san nauyin irin wannan aiki daga cikin gida.

Hubbare muka bari ya zama ƙarshe. Nan ne gidan da Shehu ya zauna a ƙarshen rayuwarsa, nan aka binne shi, kuma nan ne makwancin Nana Asma'u, kusa da mahaifinta. Masu ziyara ba sa yankewa, daga ƙasar Hausa da Adamawa da Nijar da wuraren da suka fi nan nisa. Muka tuɓe takalma. A bakin shiga akwai tsofaffin mata zaune, ɗaya ta ɗago kai ta ce mini, "Sannu ɗiyata, kun zo lahiya? Daga ina?" Da na ce daga Kano, ta ce, "Allah shi karɓi ziyara." Ta juya ga Gwaggo suka gaisa irin gaisuwar tsofaffi, ana tambayar gida da jikoki da gajiyar hanya, sai ka ce sun san juna tun ƙuruciya.

Muka yi sallama ga mamata, muka yi musu addu'a kamar yadda Sunna ta koyar. Ina tsaye ina lissafa abin da wannan baiwar Allah ta gani. Ta rasa uwa tana ƙarama. Ta rasa uba tana da shekara 24. Ta binne yayanta Bello, ta yi takabar mijinta, ta yi kukan aminiyarta. Ta ga zamanin Shehu, da na Bello, da na Abubakar Atiku, da na Aliyu Babba, da na Ahmadu ɗan Atiku. Duk wanda ya yi tsawon rai sai ya sha rabuwa, amma ita kowace rabuwa sai ta mayar da ita rubutu mai amfanar na baya. Ta rasu a 1864. Isa ya yi mata marsiyya, ƙanwarta Maryam, wadda ta auri Sarkin Kano Ibrahim Dabo, ta ci gaba da riƙon 'Yan Taru, bayanta kuma wasu matan gidan suka karɓa. Makarantar da ba ta da gini ta fi mai kafa ta tsawon rai nesa ba kusa ba.

A hanyar komawa, muna ratsa ƙauyukan Sakkwato da Zamfara, na ga 'yan mata da yawa a bakin titi da farantan talla a lokacin da ya kamata a ce suna gaban malami. Abin ya tsaya mini a rai. Mun sa wa makarantu da ɗakunan kwanan ɗalibai sunan Nana Asma'u, amma har yau akwai uban da ke ganin in yarinya ta yi aure karatu ya ƙare, akwai mijin da ke ganin littafi a hannun matarsa raini zai jawo. A ɗaya gefen kuma akwai 'yan bokon da ke kallon matar da ta tsaya ga gidanta kamar wadda ta yi asarar rayuwa. Rayuwar Nana ta ba su amsa gaba ɗaya: aure da karatu ba kishiyoyi ba ne. Giɗaɗo bai ragu da komai ba don matarsa malama ce, gidansa ma da ita ya zama gidan da ake ambato har yau. Ita ma ba ta ragu da komai ba don ta yi biyayyar aure ta yi renon 'ya'ya, a cikin wannan hidima ta san matan da ta rubuta dominsu.

Akwai kuma bashin da ke kanmu mu masu iya rubutu. Kusan kowane gida a ƙasar nan yana da tsohuwar da ta yi shekara 50 ko 60 tana riƙe da zuriya: ta yi haƙuri da miji a lokacin samu da rashi, ta sayar da ƙuli-ƙuli ko ta yi saƙa ta biya kuɗin makaranta, ta karɓi haihuwar rabin unguwa, ta yi riƙon marayun dangi. In ta rasu a yi zaman makoki, a yi sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in, a ce mutuniyar kirki ce, shi ke nan. Jikokin jikokinta ba za su san ko sunanta ba. Nana Asma'u ba ta bar Halima da Zaharatu da Hauwa'u suka tafi haka ba. Tun a mota na fara tambayar Gwaggo sunayen matan da suka koya mata karatu, da garuruwansu, da abin da kowace ta fi ƙwarewa a kai, tana faɗa ina rubutawa. Duk mai tsohuwa a gida ya yi haka tun tana iya ba da labari da bakinta, wanda tasa ta riga ta tafi kuma ya nemi waɗanda suka san ta kafin su ma su bi ta.

Allah ya jiƙan Nana Asma'u, ya jiƙan iyayenmu mata da kakanninmu da suka riga mu gidan gaskiya, ya ba 'ya'yanmu mata ilimi mai amfani da gidajen da za su bar su su yi aiki da shi. Amin.